Motocin Alfarma na Birtaniya da na Amurka: Tambayoyi da Amsoshi kan Gudu da Daraja

Musun nan ya daɗe tsakanin masu son mota. Wani zai ce in ba Rolls-Royce ko Bentley ba, sauran duk cika gareji ne. Wani kuma zai ce kuɗin Bentley guda sai ya sayi Cadillac biyu har da canji, kuma a kan titi ba za ta tsere musu ba. Ga tambayoyin da suka fi yawo, da amsarsu gwargwadon abin da tarihi da kasuwa suka nuna.

Waɗanne motoci ake nufi, kuma su wa ke da kamfanonin yanzu?

A Birtaniya akwai Rolls-Royce, Bentley, Aston Martin, Jaguar, McLaren da Range Rover. A Amurka akwai Cadillac da Lincoln, sai waɗanda suka mutu suka bar suna, wato Duesenberg da Packard. Dole a shigo da Corvette da Ford GT da Shelby, ko da yake ba don laushin kujera aka yi su ba, domin ba a zancen gudu ko gwanjo a Amurka ba tare da su ba.

Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi shi ne yawancin manyan sunayen Birtaniya ba a hannun Turawan Ingila suke ba. A 1998 Volkswagen ta sayi Bentley tare da masana'antar Crewe, BMW kuma ta sami sunan Rolls-Royce, ta fara ƙera nata a Goodwood daga 2003. Jaguar da Land Rover suna hannun Tata ta Indiya tun 2008, kuma daga Ford ta Amurka ta saye su. Aston Martin ma ta zauna a ƙarƙashin Ford har zuwa 2007. Su kuwa na Amurka suna gidansu: Cadillac ta General Motors ce tun 1909, Lincoln ta Ford ce tun 1922, kuma mutum ɗaya ne, Henry Leland, ya kafa su duka biyun.

Me ya sa halayensu suka sha bamban haka?

Hanya da haraji da mai. Hanyoyin karkarar Ingila ƙanana ne, matsattsu, cike da kwana. Mai a can ya daɗe yana da tsada. Ga shi har zuwa 1947 gwamnati tana yanka wa mota haraji ne bisa faɗin bakin silinda da yawansu, sai injiniyoyi suka saba ƙera inji mai siririn silinda. Motar da ta taso a irin wannan wuri dole ta iya shan kwana, ta iya birki, kuma kada ta cika jiki. Daga nan Jaguar da Aston Martin suka gaji halinsu.

Amurka kuwa ƙasa ce mai faɗi, mai na da araha, hanyoyi miƙaƙƙu. Da aka fara shimfiɗa manyan titunan da suka haɗa jihohi bayan dokar 1956, abin da mai kuɗi yake so shi ne mota doguwa, mai laushi, mai na'urar sanyaya ciki da giya mai canza kanta, wadda zai yi yini guda a ciki bai gaji ba. Maganin komai a wurinsu shi ne a ƙara girman inji. A 1970 Cadillac Eldorado ta fito da inji mai silinda 8 da ya kai lita 8.2.

Akwai kuma bambancin tunani kan mene ne alfarma. Ga Bature ɗan Ingila, alfarma ita ce aikin hannu: fata da aka ɗinka, katakon goro da aka goge har ya zama madubi, da sanin cewa ba kowa ke da irinta ba. Ga Ba'amurke, alfarma ita ce na'ura ta yi maka aikin. Cadillac ce ta fara sa wa motocinta abin tayar da inji da lantarki a 1912, lokacin da sauran duniya ke fama da juya hannu a gaban mota.

To a gudu tsagwaronsa, wa ya fi?

In ana maganar ƙarfin doki a kan kowace dala da ka biya, Amurka ce gaba, kuma ba kusa ba. Cadillac CT5-V Blackwing mota ce mai ƙofa huɗu, injinta na da ƙarfin doki 668, tana wuce kilomita 320 a awa, kuma akwai wadda aka yi da giyar hannu. Corvette ZR1 ta 2025 tana da ƙarfin doki 1,064, an kuma auna ta tana gudun kilomita 375 a awa, amma kuɗinta bai kai na Rolls-Royce mafi araha ba.

Sai dai ba ƙarfin inji kaɗai ne gudu ba. McLaren F1, wadda Gordon Murray ya zana, ta yi kilomita 386 a awa tun a 1998, ba tare da turbo ba. Sirrinta rashin nauyi ne: an yi jikinta da zaren kabon, direba yana zaune a tsakiya, fasinja biyu a gefensa. Wannan ita ce hanyar Birtaniya, a rage nauyi maimakon a ƙara inji. Shekara da shekaru zargin da ake wa motocin Amurka shi ne suna da zafi a miƙaƙƙiyar hanya, amma da sun ga kwana sai su rikice. Zargin yana da gaskiya a da. Tun da aka mayar da injin Corvette bayan direba a ƙirar 2020, ba kowa ke iya faɗin haka da ƙwarin gwiwa ba.

Bentley ce ke tsakiya. Continental GT Speed mai silinda 12 ta haura tan biyu, amma tana kai kilomita 335 a awa, kana ciki kamar kana falo. Ita kuwa Rolls-Royce ba ta shiga wannan gasa da gangan. Phantom tana da inji mai silinda 12, lita 6.75, amma an ɗaure gudunta a kilomita 250. Abin da take sayarwa shiru ne, ba gudu ba. Wanda ya sayi Phantom don ya yi tsere bai fahimci abin da ya saya ba.

An ce a da motocin Amurka sun fi Rolls-Royce. Gaskiya ne?

Akwai lokacin da haka ne, kuma mutane sun manta. A 1908 ƙungiyar masu motoci ta Birtaniya ta ba Cadillac kofin Dewar, bayan an wargaza motocinta uku, an cakuɗa kayansu, an sake haɗawa, suka tashi lafiya. A wancan zamani da kowane ƙarfe sai an goge shi da hannu kafin ya shiga mazauninsa, wannan abin mamaki ne. A 1928 Duesenberg ta fitar da Model J mai ƙarfin doki 265, fiye da ninkin abin da Rolls-Royce ta lokacin ke bayarwa. Ƙashin motar da injinta kawai, ba bodi, dala 8,500 ne, a zamanin da Ford sabuwa ke kusan dala 500. Cadillac ta amsa da inji mai silinda 16 a 1930. Rolls-Royce da kanta ta buɗe masana'anta a Springfield ta jihar Massachusetts a 1921 don ta kama kasuwar, ta kuma daina ƙera sababbi a can bayan shekara goma.

Karayar tattalin arziki ta 1929 ce ta fara karya ƙashin bayan wannan kasuwa. Duesenberg ta rufe a 1937, Packard ta lallaɓa har 1958. An yi yunƙurin dawowa: Continental Mark II ta kamfanin Ford ta 1956 ana sayar da ita kusan dala 10,000, Cadillac Eldorado Brougham ta 1957 kuwa dala 13,074, kuma guda 400 kacal aka yi a shekarar. Dukansu hasara kamfanonin suka riƙa yi a kansu.

Abin da ya ƙarasa lalata sunan shi ne yawa. Cadillac da Lincoln suka koma neman sayar da dubban ɗaruruwa, suna aron kayan Chevrolet da Ford. Rikicin mai na 1973 da dokokin hayaƙi suka shaƙe injinan, har wancan mai lita 8.2 ya dawo ƙarfin doki 190 a 1976. A 1982 aka fito da Cadillac Cimarron, wadda ƙaramar Chevrolet ce aka sa wa kujerun fata da tambari. Masu kuɗin Amurka suka juya wa Mercedes da BMW. A ganina, a nan ne Birtaniya ta yi wayo: ko a lokacin da motocinta ke ba da wahala, Rolls-Royce ba ta taɓa yarda ta zama ta kowa da kowa ba.

Shin da gaske akwai motocin da rabi Ingila ne rabi Amurka?

Da yawa, kuma suna cikin waɗanda aka fi so. Shelby Cobra bodin AC Ace ne na Ingila, Carroll Shelby ɗan Texas ya cusa masa injin Ford mai silinda 8 a 1962. Shi dai wannan Shelby, shi da Roy Salvadori, su suka ci wa Aston Martin gasar awa 24 ta Le Mans a 1959. Ford GT40 da Amurkawa ke alfahari da ita, wadda ta ci Le Mans sau huɗu a jere daga 1966 zuwa 1969, a Slough kusa da Landan aka fara haɗa ta. Injin da ya riƙe Range Rover tun 1970 har shekaru talatin da wani abu asalinsa na Buick ne, Rover ta sayi ƙirarsa. Jensen Interceptor injin Chrysler gare ta. Rolls-Royce Silver Shadow ma giyabos ɗin General Motors take amfani da shi. Saboda haka duk mai rantsuwa da tutar ƙasa ɗaya, ya fara buɗe bonet ya duba.

A wurin gwanjo, ta wace ƙasa ta fi tsada?

A can ƙololuwa sun yi kusan kunnen doki. A 2017 kamfanin gwanjo na RM Sotheby's ya sayar da Aston Martin DBR1 ta 1956 a kan dala miliyan 22.55 a Monterey ta Kalifoniya. Shekara guda bayan haka Gooding & Company ya sayar da Duesenberg SSJ ta 1935 a kan dala miliyan 22, wanda ya sa ta zama motar Amurka mafi tsada da aka taɓa bugawa a gwanjo a lokacin. Guda biyu kaɗai aka ƙera, wannan ta ɗan fim Gary Cooper ce.

Da ka sauko ƙasa kaɗan sai Birtaniya ta fi cika wurin. Jaguar D-Type da ta ci Le Mans a 1956 ta tashi dala miliyan 21.78 a 2016. McLaren F1 ta haura dala miliyan 20 a 2021. A ɓangaren Amurka, Cobra ta farko, mai lamba CSX2000, ta yi dala miliyan 13.75 a 2016, wata GT40 ta 1968 kuma dala miliyan 11 a 2012, kuma kamar yadda aka gani, duka biyun akwai hannun Ingila a jikinsu.

Inda Amurka ke da ƙarfi shi ne faɗin kasuwa. Motocin tsakanin 1964 da 1971 masu manyan injina suna da dubban masoya, kuma kowane watan Janairu ana buga su ɗaruruwa a gwanjon Barrett-Jackson a Scottsdale da na Mecum a Kissimmee. Corvette L88 ta 1967, wadda 20 kawai aka yi, ta yi dala miliyan 3.85 a 2014. A wannan shekarar ta 2014 Plymouth Hemi Cuda mai buɗaɗɗen kai ta 1971 ta yi dala miliyan 3.5. Lura da cewa Plymouth ba motar alfarma ba ce sam lokacin da take sabuwa.

A sani dai cewa sarautar gwanjo baki ɗaya ba ta ɗayansu ba ce. Mercedes 300 SLR Uhlenhaut ta tashi yuro miliyan 135 a 2022, kuma Ferrari ce ta mamaye jerin masu bi mata.

Mene ne ke sa tsohuwar mota ta yi irin wannan tsada?

Ba ƙasarta ba, ba kuma kuɗin da aka saye ta tana sabuwa ba. Abu na farko ƙaranci ne. McLaren F1 guda 106 aka ƙera, Aston Martin DB5 kuwa dubu ɗaya da 'yan kai. Na biyu tarihi: wace gasa ta shiga, ta ci ko ba ta ci ba, wa ya tuƙa ta, wa ya mallake ta. Ford Mustang ɗin da ɗan fim Steve McQueen ya tuƙa a fim ɗin Bullitt na 1968 ta yi dala miliyan 3.74 a 2020, da tsatsarta da tsohon fentinta. Wata DB5 da aka yi wa kayan dabarun James Bond ta yi kusan dala miliyan 6.4 a 2019, ninkin-ba-ninkin kuɗin DB5 ta gama-gari. Ƙarfe ɗaya ne, labarin ne ya bambanta.

Na uku, kuma nan ne ake cutar mutane, asali. Masu tara motoci suna so lambar da ke jikin inji da giyabos ta dace da wadda masana'anta ta rubuta wa motar ranar da ta fita. Motar da aka sauya wa inji, ko da sabon ya fi na da lafiya, darajarta ta faɗi. Wannan ya fi zafi a motocin Amurka, domin bodin Cuda mai ƙaramin inji da na mai injin Hemi kusan ɗaya ne, kuma akwai masu wayon da ke mayar da wannan ta zama waccan. Shi ya sa takarda ke da kuɗi: rasidin farko, littafin sabis, tsofaffin hotuna. A Birtaniya kamfanoni irin su Jaguar da Aston Martin suna ajiye kundin abin da suka ƙera, ana iya neman shaidar asali daga wurinsu.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba, wato shekarun masu saye. Mutum yakan nemi motar da ya yi sha'awa yana yaro in ya sami kuɗi. Shi ya sa motocin 1980 zuwa 2000 ke tashi yanzu, yayin da na 1950 da yawa suka tsaya cik, don masu begensu suna tsufa.

Me ya sa nake ganin tsohuwar Rolls-Royce da arahar da ta ba ni tsoro?

Tsoron naka yana kan hanya. Silver Shadow, wadda aka yi daga 1965 zuwa 1980, an ƙera ta kusan dubu 30, adadi mai yawa ga Rolls-Royce. Ana samunta da kuɗin da bai kai na sabuwar Toyota ta iyali ba. Matsalar ita ce ta yi araha, amma kayan gyaranta ba su sani ba. Birkinta da abin daidaita tsayinta suna aiki ne da matsin ruwa, fasahar da aka ɗauko lasisinta daga Citroën ta Faransa, kuma in ta daɗe a ajiye, gyaran wannan kaɗai na iya cin wani babban kaso na kuɗin motar. Haka Jaguar XJ da Bentley na shekarun 1980 da 1990 suke. Kamar dokin sarki ne da aka ba ka kyauta, ciyarwar ce za ta gaya maka gaskiya.

Manyan Cadillac da Lincoln masu ƙofa huɗu su ma ba su da wani farashi, amma su ba sa cizo haka. Waɗanda ake nema a cikinsu su ne masu buɗaɗɗen kai, musamman Eldorado ta 1959 mai dogayen fukafukai a baya, da Lincoln Continental ta 1961 mai ƙofofin baya da ke buɗewa ta gaba.

Wacce ta fi sauƙin riƙewa?

Ta Amurka, in dai tsohuwa ce. Injinanta masu silinda 8 ba su da rikici, an yi su da miliyoyi, kaya kuma har yau ana ƙera sababbi. Bakanike mai hankali zai gane kansu. Motocin Birtaniya na zamanin kamfanin British Leyland, wanda Jaguar ta zauna a ciki daga 1968 zuwa 1984, sun yi ƙaurin suna wajen matsalar wayarin, ɗigar mai da zafin lagireto. Bentley da Rolls-Royce na zamanin nan sun gyaru sosai a hannun Jamusawa, sai dai komai nasu sai da kwamfutar dila.

In sayi sabuwa in ajiye a matsayin jari?

A'a. Bentley Continental, Range Rover, Cadillac Escalade, Lincoln Navigator, Aston Martin ta gama-gari, duk faɗuwa suke daga ranar da suka bar shago, kuma da yake kuɗinsu da yawa, faɗuwar ma da yawa take. Waɗanda ke tashi su ne 'yan ƙalilan da aka ƙayyade yawansu, kamar Ford GT ta 2017, wadda sai da kamfani ya tantance mutum kafin ya sayar masa, ya kuma sa shi alkawarin ba zai sayar ba sai bayan shekara biyu. Ko su ɗin, ka cire kuɗin inshora da ajiya da sabis kafin ka kira abin da ya rage riba.

Mai zaune a Najeriya ko Nijar fa, me zai lura da shi?

Sitiyari kafin komai. Motar da aka yi wa kasuwar Ingila sitiyarinta a dama yake. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 2 ga Afrilu 1972, kuma doka ba ta yarda da mota mai sitiyarin dama ba. Nijar ma a dama ake tuƙi. Sauya sitiyari kuwa yana kashe darajar motar a idon masu tarawa, ban da haɗarin aikin da ba a yi shi da kyau ba. Mafita ita ce a nemi motar Birtaniya da aka ƙera tun asali don Amurka ko Turai. Wannan ba wuya, domin yawancin Jaguar E-Type, alal misali, Amurka aka kai su.

Sai zafi da ƙura da ingancin mai. Fata da katako ba sa son rana, roba tana bushewa, motar da ke ƙasa-ƙasa kuma ba ta jure ramuka. Kasuwar masu tarawa ma ba a nan take ba, in ka tashi sayarwa da daraja sai ka fitar da ita waje.

Dokokin shekaru suna taɓa farashi?

Suna taɓawa. Amurka tana barin a shigo da motar da ba a ƙera don kasuwarta ba in ta cika shekara 25, saboda haka duk motar Birtaniya da Amurkawa suka daɗe suna hange, irin su tsohuwar Land Rover Defender da TVR, farashinta kan motsa idan ta kusa cika wa'adin. A Birtaniya kuma motar da ta kai shekara 40 ana ɗauke mata harajin hanya da gwajin lafiya na shekara-shekara, in ba a yi mata babban sauyi ba.

Motocin lantarki za su kashe darajar tsofaffin?

Kamfanonin sun riga sun juya. Rolls-Royce ta fara miƙa Spectre mai lantarki a 2023. Cadillac ta fito da Celestiq, wadda ake haɗawa da hannu ana sayarwa sama da dala 300,000, yunƙurinta na farko na komawa matsayin Eldorado Brougham. Bentley ta daina ƙera injinta mai silinda 12 a 2024. Abin da aka gani zuwa yanzu shi ne duk lokacin da aka ce wannan ne na ƙarshe, ko inji ne ko giyar hannu, masu tarawa sukan yi rububinsa. Matsalar mai lantarki a wurin mai ajiya ita ce batir yana tsufa ko ana hawa ko ba a hawa, manhajarta kuma tana hannun kamfani. Duesenberg mai shekara 90 maƙeri gwani zai iya sassaƙa mata duk ƙarfen da ya karye, ta tashi ta shiga filin baje kolin tsofaffin motoci na Pebble Beach a watan Agusta. Wanda ya sayi Spectre ko Celestiq don ajiya, ya tambayi kamfanin a rubuce shekara nawa zai ci gaba da samar da batirinta.